Kiran Shanun Jalo

Ranar Laraba da ƙarfe shida da rabi na yamma abin ya fara, a gidan marigayi Jalo da ke Gude. Hajjo, matar da ya bari, malamar lissafi ce a wata sakandare ta Gwarzo. Tana zaune a tabarma a tsakar gida, tsohuwar laftof ɗin mijinta a kan kujerar tsuguno, littafi a cinyarta inda ta jera matakan aikin daga ɗaya zuwa tara.

Ranar Asabar 'yarta Zinnira za ta zana jarrabawar makarantar da take yi daga gida, kuma manhajar jarrabawar ta ƙi buɗewa sai a kan Windows 11. Kwamfutar ta ce firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke cikinta, ta tsufa, ba za ta karɓi sabon tsarin ba. Ɗanladi mai gyara a kasuwar Gwarzo ya juya ta a hannu ya yi dariya, ya ce, "Malama, wannan ai sa'ar kakata ce. Ki bar ta ta huta." Hajjo ta koma gida ta karanta yadda ake shirya filash, ɗan ma'ajin da ake sokawa a jikin kwamfuta, da ke tsallake binciken firosesar, ta shirya. A yammacin nan ta share tsohon tsarin kakaf, ta fara ɗora sabon.

Lambar da ke kan allo ta hau a hankali har sittin da biyu cikin ɗari, ta tsaya.

Kaji sun shige akurki. Hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa ya ƙi tashi. Shekara biyar ke nan, kullum a daidai wannan lokaci Zinnira kan kunna wata murya a kwamfutar kafin ta fara karatu: muryar mahaifinta, da ya ɗauka yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya, mako guda kafin a sayar da garken. Yau babu ita. Gidan ya yi tsit.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya faɗa cikin randa. Inna Marka, mahaifiyar Jalo, ta leƙa bayan katanga tana salati, ba ta ga kowa ba sai gonar dawa, ko ganye ba ya motsi. Da ta juyo, Zinnira na tsaye a tsakiyar gida, hannayenta rataye a kan muciya da ta gicciya a kafaɗa kamar sandar kiwo.

"Wule," in ji ta, da murya mai kauri ta tsoho, tana kiran sunayen shanun. "Saye. Nore."

Haka ta wuni washegari, ba ci ba sha. In an kira sunanta sai ta dubi mutum kamar baƙo. Hajjo ta jona laftof da batirin sola, ta hana kowa taɓa ta. Lambar tana nan a sittin da biyu.

"Ki kai abin nan daji ki yar," in ji Inna Marka. "Karatun ma a haƙura, in dai za a bar mana yarinya."

"Inna, yarinyar da karatun duka nawa ne. Babu wanda zan bari."

Bayan sallar La'asar Malam Zainulabidin, mai ruƙiyyar da aka aika wa, ya iso daga Garo a kan babur. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Ya gaisa da Inna Marka, ya tambayi gajiya da damina da masu jiki, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure aka zaunar da Zinnira, uwarta riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Bai kai ƙarshen Ayatul Kursiyyu ba jikin yarinyar ya sandare.

"Ya isa, Malam," in ji muryar tsohon daga bakinta. "Ni ma Musulmi ne."

"Musulmi ba ya shiga gidan marayu da jifa. Wane ne kai?"

"Makiyayi. Tun zamanin kakan Jalo nake bin garken gidan nan. Ni nake kore musu kura ba su sani ba. Da aka loda shanun a mota, na rasa inda zan sa kaina, sai na ji ana kiransu daga cikin akwatin can. Kullum da almuru nakan zauna kan katanga in saurara. Jiya na zo, shiru. Matar nan ta kashe muryar."

Inna Marka ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

"Me kake so?" in ji Malam.

"A mayar da akwatin yadda yake, a kai mini gindin tsamiyar tsohon mashekari, inda garken ke kwana a da. In ba haka ba, ina nan."

"A ba shi, Hajjo," in ji tsohuwa. "Don Allah a ba shi."

Hajjo ta zagayo ta durƙusa gaban 'yarta, ta dubi idanun da ba nata ba.

"Ba zan bayar ba. Kuma kwamfutar ba ta komawa yadda take, na riga na share."

Ƙasa ta zubo daga azarar zaure. Malam ya ɗaga murya da karatu, har yarinyar ta dafe kunnuwa.

"Ke ce za ki gaya mini haka?" in ji muryar. "Akwatin ya ce miki ba ya ɗaukar baƙo, kika haura ta baya kika cusa masa. Me na yi da ba ki yi ba?"

"Kwamfutar tawa ce, gado na ci. Yarinyar fa, wa ya ba ka?"

Wata akuya ta yi kuka a waje.

Hajjo ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan katin memori. "Ba na share abu sai na kwafe shi. Muryar tana nan. Zan sa ta a rediyo mai cajin rana in rataye maka a tsamiyar. Shi ke nan abin da za ka samu."

"Wannan kwafi ne. Ni Jalo nake so."

"Jalo yana maƙabarta shekara biyar. Abin da kake ji a kan katangata ma kwafi ne. Ni da na zauna da shi shekara goma sha takwas, da shi nake haƙuri."

Da muryar ta dawo, ta rage kauri.

"To wa zai riƙa kunna mini?"

"Kai da ka iya jefa dutse cikin randa daga bayan katanga, danna maɓalli ne zai gagare ka?"

Malam ya sunkuyar da kai ya gyara rawaninsa. Sannan ya sa aljanin ya rantse da Allah sau uku cewa ba zai sake taɓa yarinyar ba, ba zai sake hawa katangar gidan ba. Ya rantse, ya roƙi a rataye rediyon ta gefen gabas, inda shanun ke kwanciya. Hajjo ta ce ta yarda da wannan. Zinnira ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Kafin Magariba Malam da Hajjo suka kai rediyon tsamiya suka ɗaure shi da waya a reshen gabas. Da ta dawo gida, lambar tana tamanin da ɗaya.

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe Zinnira ta buɗe manhajar jarrabawa a kan laftof ɗin a Gwarzo, inda ake samun intanet. Ta amsa tambayoyi sittin cikin awa biyu. Da sakamako ya fito bayan mako uku, ta ci.