Likkafanin Ummu Malak

Ranar da motar masu ziyarar Kudus za ta tashi daga garin Akhmim, da hantsi wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda tana dafa bango. Leɓɓanta sun yi shuɗi-shuɗi kamar ta lashi tawada. Sufeto Nabawi ya san ta. Rifka ce, wadda ake kira Ummu Malak, matar Sharubim masaƙi, wanda kowa ke kira Ammu, wato baffa.

"Basha, ranka ya daɗe, an sace min likkafani."

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa. A kan kujerar nan an kawo masa ƙarar satar jaki, da ta tattabaru, har da wani da ya rantse maƙwabcinsa ya janye masa inuwar dabino. Amma likkafanin mai rai, yau ne farko.

"Zauna, Ummu Malak. Ba ga farin yadi nan cike da kasuwa ba?"

"Yadin kasuwa? Na yi maka kama da marar gata? Sharubim ne ya saƙa min shi, shi ne saƙarsa ta ƙarshe kafin idonsa ya mutu. Na yi wa Ubangiji alkawarin zan shimfiɗa shi a kan dutsen da aka shafe jikin Almasihu da mai, a babbar majami'ar Kudus. In babu shi ba zan taka motar nan ba." Ta tsaya ta nemo numfashi. "Da la'asar za su tashi. Likita kuwa ya ce zuciyata ba za ta kai baɗi ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Gidan yana can ƙarshen layin masaƙa, inda ƙarar masaƙa ke fitowa daga kowace ƙofa ban da tasu. Rifka ta buɗe masa akwatin katako. Ba a fasa kwado ba. 'Yan kunnenta na zinare suna nan a kusurwa, ɓarawon ko kallonsu bai yi ba. Ƙanshin busasshiyar ɗoɗɗoya da turaren coci ya bugi hancin Sufeto, don da su ta naɗe likkafanin.

Ammu Sharubim yana tsaye a bakin ƙofa, a miƙe kamar an kafa sanda, gumi na bin gemunsa.

"Ammu, zauna mana."

"Bayana ke ciwo, Basha. Tsayuwa ta fi min."

"Wa ya shigo gidan nan tun shekaranjiya?"

"Ni makaho me zan gani? Amma na ji takun Fahima. Tafiyarta ɗaya da ta agwagwa."

Fahima maƙwabciyarsu ce, ita ma tana cikin masu tafiya. Sufeto ya same ta tana toya ta'amiyya, ƙosan ƙasar, don guzuri.

"Ni? Na rantse da Budurwa Maryam rabona da gidan nan tun farkon azumi!"

Sufeto ya nuna wani kwano mai zanen kifi da ke gefen murhu. "Na ga 'yan'uwan wannan a jere a ɗakin Ummu Malak. Akwai gurbin ɗaya."

Fahima ta juya ta'amiyyar da ba ta isa juyi ba.

"To, na shiga. Aron kwano zunubi ne? Ina da nawa likkafanin, Basha, har da aikin allura a baki, me zan yi da nata? In tambaya kake so, tambayi mijinta me yake ci a ɓoye. Kowa ya rame a azumin nan, daga wake sai gurasa, shi kuwa dare ɗaya ya ajiye tumbi. Allah ya sa ba ƙwan da azumi ya hana yake sata ba."

Sufeto ya ƙi karɓar ta'amiyyar da ta miƙo masa, sannan ya karɓa. Ya nufi coci yana ci.

A filin cocin ya tarar da abin kallo. Makram, mai hidimar coci wanda shi ne jagoran tafiyar, ya zana taswirar babbar majami'ar Kudus a ƙasa da alli. Ga ƙofa, ga matakala, ga wani tsohon tebur a matsayin dutsen. Ya jera tsofaffi, kowa riƙe da rigar na gabansa, ya kuma sa majiya ƙarfin unguwa suna ture su da kafaɗa don su saba da cunkoso.

"Kada ku saki riga! Wanda ya saki, sai dai mu haɗu a Aljanna! Ammu Fanus, ba shimfiɗar kwana za ka yi ba! Fito da likkafani daga ƙirji, taɓa dutse, naɗe, wuce! Duniya kaf tana bayanka tana turi!"

Sufeto ya ja shi gefe. "Sharubim ya zo wurinka?"

"Sam, Basha. Me zai kawo shi? Ba ya cikin masu tafiya."

Ammu Fanus, wanda kowa ya ɗauka kurma ne, ya ɗago daga kan tebur. "Ya zo mana. Har da kuka. Ba ni na ba shi kujerata ba?"

Makram ya kakkaɓe allin hannunsa ya daɗe yana kakkaɓewa.

"Roƙona ya yi in hana ta tafiya. Na ce ba ni da iko, Abuna, limamin coci, ya riga ya sa mata albarka. Sai ya shiga tambayata labarin waɗanda suka je a baya. Na gaya masa gaskiya. Tadros mai gurasa ya shimfiɗa nasa, ya dawo gida, bai ga girbi ba. Wata daga ƙauyen gabas kuwa a cikin turereniyar ta faɗi, a can aka binne ta."

"Sai me?"

"Sai na yi masa wasa, don ya saki rai. Na ce, Ammu, ai mutuwa ba ta san fuskar kowa ba, yadin take bi." Ya sunkuyar da kai. "Bai yi dariya ba."

Sufeto ya koma layin masaƙa a hankali, kamar mai fatan hanyar ta ƙara tsawo. Ya so a ce ɓarawo ne na gaske, mai gudu, wanda za a bi a kama a huta.

Rifka tana zaune a kan jakarta da ta gama ɗaurewa. Sharubim yana nan inda aka bar shi. Sufeto ya rufe akwatin, ya matsa kusa da tsohon. Ƙanshin ɗoɗɗoya ya fi ƙarfi a nan.

Ya saki makullinsa ya faɗi a kan ƙafar tsohon. "Ammu, taimaka miƙo min."

Sharubim ya yunƙura zai sunkuya. Jikinsa ya ƙi lanƙwasuwa. Wuyan rigarsa ya buɗe, farin yadi ya leƙo.

Masaƙar maƙwabta kawai ake ji.

"Ni ne," in ji Sharubim. "Na naɗe shi a jikina. Da hannuna na saƙa shi, Basha, ina saƙa ina auna tsawonta a raina, ban san abin da nake yi ba sai da na gama. Na ce in babu shi ba za ta je ba. In kuma mutuwar ta zo neman kayanta, ni za ta tarar a ciki." Ya shafa yadin. "Wa zai riƙa gaya min gari ya waye?"

Sufeto ya dubi Rifka. Babu mamaki ko kaɗan a fuskarta.

"Kin sani."

"Tun ina yarinya nake kwana kusa da mutumin nan, a ce ban san ƙanshin akwatina a jikinsa ba? Amma ni ba zan iya tuɓe shi ba, Basha. Hannuna ya ƙi. Shi ya sa na zo wurin hukuma."

Sufeto ya dubi yadin. In ya bar yadin a jikin tsoho, za ta mutu da alkawari a wuyanta. In ya kwance, shi ya tura ta cikin turereniyar da wannan zuciyar. A duk abin da aka koya masa babu inda aka faɗi wannan.

"Ummu Malak, in kin haƙura..."

"Zama ba zai ƙara min kwana ba. Kwance shi."

Sufeto ya kama bakin yadin. Sharubim ya ɗaga hannuwa, ya riƙa juyawa a hankali yana kuka, yadin na warwarewa, har ya koma siririn tsohon da kowa ya sani. Rifka ta karɓa, jiƙe da gumi. Ba ta shanya ba. Ta naɗe shi haka, ta cusa a ƙirjinta.

"Yanzu ka tafi da tsohon nan, ka rufe shi sai mota ta tashi. Na san shi, a gaban taya zai kwanta." Ta gyara wa mijinta wuyan riga. "Ka ba shi shayi, sukari kaɗan. Tsohon ɓarawo kawai."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya kama hannun Sharubim, ya ja shi cikin layin yana gaya masa inda rami yake. A ofis ya zaunar da shi a kan kujerarsa, ya bar ƙofa a buɗe.

Da la'asar suka ji hon daga wajen coci, da guɗar mata. Sharubim ya karkata kunne.

"Ita ce, Basha?"

"Motar rake ce, Ammu."

Tsohon ya gyaɗa kai. Suka zauna suna saurare har ƙarar ta haye gada ta ɓace, shayin na hucewa a gabansu.