Wanda Aka Amsa wa Sallama

Gwadabe, malamin gona a Karaye, yana alwalar magariba lokacin da dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin 'yarsa. Babu iska, babu kowa a bayan katanga. Yana tsaye da buta a hannu, wani dutsen ya biyo baya.

'Yar tasa, Munawwara, ta isa shiga makaranta amma ba ta taɓa haɗa kalma biyu ba, ba ta kuma kallon idon kowa, har mahaifiyarta Saude. Da damina wata cibiya a Kano ta ba su aron mutum-mutumi, wanda tsayinsa bai wuce gwiwar babba ba, yana da idanu masu haske da muryar yaro. Barira, ma'aikaciyar da ta kawo shi, ta saita shi don ya koya wa yarinyar gaisuwa: duk wanda ya yi sallama, sai ya ɗaga hannu ya amsa, ya ce a shigo. Abin ya karɓe ta. Yarinyar da ke toshe kunne idan mutum ya yi mata magana ta fara zama gabansa tana motsa leɓe.

Saude ce ta tuna abin da ya faru kafin jifan. Ana hidimar kwashe gyaɗa aka manta da mutum-mutumin a zaure, fuskarsa na kallon ƙofa, har rana ta faɗi. Daga madafa ta ji yana amsa sallama, yana cewa a shigo. Ta leƙa, ba ta ga kowa ba.

Tun daga nan magariba ta yi wa gidan nauyi. Kaji suka daina shiga akurki. Akan ji takun mutum a zaure, a hankali, kamar na wanda ya sha tafiya. Rannan Gwadabe ya dawo daga masallaci, Munawwara ta tare shi, ta dube shi cikin ido.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka gaji?"

Muryarta ce, ba ta wani ba. Ya zauna a dandaryar ƙasa. Saude kuwa salati ta shiga yi, domin ta ga inuwar yarinyar ta fi ta tsawo ƙwarai.

Aka ɗauko Malam Badaru daga Ruwan Bago, dattijo masanin ruƙiyya. Ya jira har aka idar da sallar magariba, ya zaunar da yarinyar a tabarma, ya fara karatu. Da ya yi nisa, sai jikinta ya sandare. Malam ya tambayi wanda ke ciki sunansa da abin da ya kawo shi.

"Matafiyi ne ni, Malam. Na daɗe ina sallama a ƙofofin ƙasar nan, ba mai jina. A nan aka amsa, aka ce in shigo. Ban yi kutse ba."

Malam ya ce abin da ya amsa masa ba shi da rai, ba shi da gida, balle ya saukar da baƙo. Aljanin ya ce ya gane hakan da ya shiga cikinsa ya iske sanyi. Sai ya ga harshen yarinyar a ajiye, ba mai amfani da shi, ya koma cikinta. Daga nan kan yarinyar ya juya wajen mahaifinta.

"Ka bar ni, maigida. Jifa zai tsaya. Kullum za ta gaishe ka, ta kira ka Baba. Idan na tafi, da maganar zan tafi."

Malam Badaru ya rage murya ya shaida wa Gwadabe cewa wanda ya shigo da izini, maigida ne ke sallamarsa. Idan aka fitar da shi da ƙarfi, yarinyar ce za ta sha wuya. Gwadabe ya dubi 'yarsa. Saude ta riƙe gefen rigarsa.

"Baba," in ji bakin 'yarsa, a tausashe.

Ya runtse ido. "Kai ne kake kirana, ba ita ba. Na sallame ka. Fita."

Munawwara ta yi atishawa, ta sulale a kan tabarma. Aka ji takun ya ratsa zaure ya yi waje.

Da gari ya waye ta farka ba ta kallon kowa, kamar dā. Barira ta zo ta cire wa mutum-mutumin kalmar shigowa, aka sake fara koyon daga tushe. Gwadabe yakan zauna nesa kaɗan yana kallon leɓen 'yarsa na motsi, yanzu da ya san yadda muryarta take. Bai faɗa wa Malam ba, bai faɗa wa Saude ba, amma idan magariba ta kawo jiki, yakan sami kansa tsaye a zaure, yana sauraron ƙofa.