Baƙin Ruwan da ke Cikin Firiji

Ranar wata Asabar da la'asar, ana zafi kamar gari zai kama da wuta, Hajiya Yalwa ta kai ziyara gidan ɗanta Sharhabil a Unguwar Dosa, tare da babbar 'yarta Harira. Hajiya mace ce mai kirki, sai dai kunnenta ba ya da ƙofa, duk abin da Harira ta zuba masa sai ya zauna daram. Dama kwanan nan tana jin haushi a ranta. Tun da Sharhabil ya auri Nafisat ya daina tsayawa shan furarta in ya taso daga ofis, kullum sauri yake yi ya tafi gida.

Nafisat ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo musu ruwa da kankana, ta koma kicin. Daga inda Hajiya take zaune tana hango ta. Ta ga ta buɗe firiji ta ɗauko wata kwalba cike da baƙin ruwa. Ta jefa dunƙulen askirim biyu a dogon tambulan, ta tsiyaya baƙin ruwan a kai a hankali, ta ɗora farin kirim da ta buga har ya yi kumfa, sannan ta kankare cakulan ta barbaɗa. Sharhabil ya karɓa yana washe baki kamar yaron da aka ba alewa.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Hajiya.

"Kofi ne, Mama," Nafisat ta amsa.

"Na ga kofin da idona. Abin da ke cikinsa nake tambaya!"

Sharhabil ya yi dariya. "Kofi na sha, Mama. A Jamus na saba da shi lokacin da na je kos. Dafa shi ake yi da ƙarfi, a bar shi ya huce, a sa a firiji. Nafisat ta koya saboda ni."

"To, a zubo min in ɗanɗana."

Nan Nafisat ta daskare. Ta dubi mijinta, ta dubi Harira, ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Mama... wannan ba naki ba ne. Bari in haɗa miki wani abu daban."

Hajiya ta ɗauki mayafinta, ko kankanar ba ta taɓa ba.

Tun kafin keken hayar da suka hau ya fita daga layin Harira ta fara. "Hajiya, kin taɓa ganin kofi baƙi wuluk, ba zafi, a kwalba? Wallahi rubutu ne! Shi kaɗai ake ba, ke an hana ki. An shanye miki ɗa kina zaune!" Ta buɗe jakarta, sai ga kwalbar. Ashe da ta ce za ta kewaya, kicin ta shiga.

Washegari Hajiya ta kira Sharhabil gida, ta ce masa matarsa rubutu take ba shi. Ya rantse, ya yi bayani, har ya ce a kawo ya sha a gabanta.

"Wanda aka shanye ai ba ya sani," in ji ta. "In dai ni na haife ka, matarka ta tafi gidansu sai na neme ta."

"Mama, don Allah..."

"Na gama magana!"

Haka Nafisat ta haɗa kayanta a ƙaramar jaka ta tafi gidan iyayenta a Badarawa tana kuka. Sharhabil ya rame, ya daina fara'a. In ya zo gaishe ta, furar ma da aka yi rigimar dominta sai ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Hajiya ta ce aikin asirin ne bai sake shi ba, don haka ta ɗauki kwalbar ta nufi Unguwar Shanu wajen Malam Tanko, tsohon aminin marigayi mijinta, a karya abin.

Malam ya buɗe ya shinshina. Ya ɗiga a tafin hannu ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Hajiya, shekarata nawa ina wanke allo? Wannan ko kusa da tawada bai je ba. Gahawa ce, ta ma fara lalacewa. Wa ya ce miki rubutu ne?"

Hajiya ta dube shi. "To in gahawa ce, don me ta hana ni?"

"Kin tambaye ta?"

Ba ta tambaya ba. Wannan kalma ita ta raka ta har Badarawa, ita kaɗai, ba tare da Harira ba. Mahaifiyar Nafisat ta karɓe ta da mutunci, abin da ya ƙara mata kunya, ta kira yarinyar ta ba su wuri. Nafisat ta durƙusa kamar babu abin da ya faru, idanunta sun kumbura.

"'Yata, tsakaninki da Allah, me ya sa kika hana ni?"

Nafisat ta daɗe tana murza bakin hijabinta. "Mama, Sharhabil ya faɗa min likita ya ce kina da ciwon suga da hawan jini, kuma kin ce kada kowa ya ji, musamman Anti Harira. Abin nan askirim ne da sukari da kofi mai ƙarfi. In na ba ki, na cuce ki. In na faɗi dalili a gabanta, na tona miki asiri. Shi ya sa na yi shiru."

"Da aka ce ki tafi fa? Me ya hana ki faɗa?"

"Ya so ya tuna miki, ni na roƙe shi kada ya yi. Kin ce masa ko ni kada ya gaya wa. Na ji tsoron ki yi fushi da shi."

Hajiya Yalwa, wadda ko a rasuwar mijinta ba a ga hawayenta a fili ba, ta fashe da kuka. Yarinyar da ta kira mai asiri, ashe nata asirin take rufewa. "Ki yafe min, Nafisatu. Na zalunce ki, wallahi na zalunce ki!"

"Haba Mama, ni 'yarki ce. Ya wuce."

A ranar, da kanta ta mayar da ita ɗakinta, ta riƙe mata jaka har bakin ƙofa. Ta tara dangi ta faɗa musu ciwonta da bakinta, ta wanke surukarta tas, Harira kuwa ta zo ta ba da haƙuri tana kame-kame. Daga nan duk wanda ya taɓa Nafisat a dangin, da Hajiya zai yi. Haƙurin Nafisat ya saya mata gata da ƙauna waɗanda ko 'ya'yan cikin Hajiya ba su samu ba.

Sai dai akwai abin da bai koma daidai ba. Duk sanda Hajiya take gidan, in Nafisat ta haɗa wa mijinta wani abin sha, ko da ruwa ne, sai ta fara kurɓa a gabanta kafin ta miƙa masa. Hajiya ta roƙe ta ta daina, ta ce to, amma hannunta ya riga ya saba. Duk kurɓar nan a ƙirjin Hajiya take sauka. Ta gane, bayan lokaci ya ƙure, cewa zargi zunubi ne mai saurin shiga, kuma tambaya ɗaya tak da ta yi tun farko da ta ishe ta. An yafe mata, amma ita har yau ba ta yafe wa kanta ba.