Bakin da Ya Ƙafar da Tafkin Tirmini

"Maimaita a gabana, da wannan bakin naki!"

Hajiya Gambo ce, mahaifiyar Suma'ila, tana nuna Raudatu da yatsa. Raudatu na durƙushe a tsakar gidan su Suma'ila da ke Zango, rungume da jakar ordinatarta, wato kwamfuta. Ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba, yarinyar da ake shirin kai wa lefe bayan salla.

"Hajiya, ban yi wa tafkin baki ba. Lissafi kawai na yi..."

"Lissafin tsiya."

Tafkin na gidan ne, can Tirmini, masu lambu ke ban ruwa da shi, kuma bai taɓa ƙafewa ba. Raudatu kuwa karatunta ke nan a jami'a: ta ba ordinatar zafin rana da ƙarfin iska da zurfin ruwa, ita kuma ta zana mata yadda ruwan zai riƙa zama tururi yana bin iska. Bana yashi ya cike tafkin, sai faɗi babu zurfi. Da ta ga sakamakon, baiwar Allah ba ta iya yin shiru ba. Ta je ta gaya wa masu lambu su rage albasa, ruwan ba zai kai bazara ba. Suka yi mata dariya. Ruwan bai kai ba, albasa ta ƙone a tsaye.

"Kambun baka ne, Gwaggo," in ji Rakiya, 'yar ƙanen Hajiya, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Suma'ila. "Ta faɗa, ya faru. Yau tafki, gobe ɗanki."

Raudatu ta juya wajen Suma'ila da ke jingine da bango. Shi ne fa ya naɗe wando ya shiga ruwan da sandar awo, yana tsokanarta wai ta mai da shi masunci.

"Suma'ila, faɗa musu wa ya auna mini zurfin."

Ya sunkuyar da kai.

"Rauda tawa... ki ce kin janye maganar. Ki ba Hajiya haƙuri, a ba ki rubutu ki sha, magana ta wuce."

"In na janye, ruwan zai dawo?"

"Kun ji ta ko?" Hajiya ta tafa hannu. "To saurara. Ko ki amsa bakinki ne, ki tuba, ko kuwa ƙafarki ba za ta taka gidan nan da sunan aure ba."

Zagin bai yi wa Raudatu ciwo kamar shirunsa ba. Tana son yaron nan, wallahi tana son sa, kuma kalma ɗaya tak take jira daga bakinsa.

Ya kawar da kai.

Ta miƙe, ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan murfin randa. Rakiya ta bi zoben da kallo.

A ƙofar gida ya cim mata tana tsayar da mai babur ɗan kabu-kabu.

"Rauda, don Allah... uwata ce. Yaya kike so in yi?"

"Ku kwashe yashin kafin damina," ta ce. "Ku ƙara masa zurfi, ku shuka itatuwa ta gabas su tare iska. Zai kai bazara."

"Ba tafkin nake nufi ba..."

"Ni shi nake nufi. Kuma ka ce musu kai ka gano. Daga bakinka za su karɓa."

Ta hau babur ba ta waiwaya ba. Sai da suka fita daga Zango ta bar hawayen suka zubo, iskar bazara na shanye su tun kafin su kai haɓarta.