Abin da Ya Yi Saura a Gwangwani

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda: wata mota ta saki hanya a bakin kasuwa, ta bi ta kan wani dattijo mai sayar da lemo. Kafin Sufeto ya iso an riga an lulluɓe gawar, lemo kuwa ya watse har cikin kwata.

Direbar matashiya ce, ma'aikaciyar jinya, goshinta a fashe. Auta ake ce mata a gida.

"Gudu kike yi?" Sufeto ya tambaye ta.

"Eh, ranka ya daɗe."

"Sitiyari bai ƙwace miki ba?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a. Laifina ne. Ku rubuta haka."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, bai taɓa ganin direban da ya rungumi laifi da hannu biyu haka ba. Yawancinsu sai sun ɗora wa birki, ko rami, ko shaiɗan. In aka rubuta abin da ta faɗa, kurkuku ne a gabanta, aikin asibiti kuma ya tafi.

Ya durƙusa gaban motar. Tayoyin gaba sun raba gari, ɗaya na kallon hanya, ɗaya na kallon kwata. Sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar hagu, wadda bakanikai ke kira tayarod, ta fice daga mazauninta tana reto. Ba karyewa ta yi ba. Notin da ke riƙe ta ne ya warware ya faɗi. A bakinta akwai ɗan ramin da ake zura fil don ya hana notin juyawa. Ramin fayau yake, giris ɗin da ke wurin kuwa sabo ne dal.

"Saje, wani ya kwance ƙafar motar nan kwanan nan," in ji shi. "Nemo mini mai ita."

Mai motar mahaifin Auta ne, tsohon ma'aikacin ofis da ya yi ritaya. 'Yan unguwa na kiransa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya ɗauka da gaske yake amsawa. Ya shigo ofis cikin farar riga, ko bayan kanta inda 'yarsa take bai kalla ba.

"Motata lafiyarta ƙalau," ya ce. "Na sha gaya wa uwarta, yarinyar nan hannunta bai faɗa ba. Mace da sitiyari, ai sai addu'a."

"Wa ya yi aikin ƙafarta?"

"In ma an taɓa, bakanikenmu ne. Kun san halinsu."

Sufeto ya matso kusa da shi. Hannuwan tsohon yake kallo. Riga fes, amma ƙarƙashin farata baƙi ƙirin, ga sabon ƙurjewa a bayan yatsu.

Saje ya je gareji ya dawo da amsa. "Yallaɓai, bakaniken ya ce rabonsa da motar tun ranar da tsohon ya kira shi ɓarawo a gaban mutane. Maƙwabtansa sun shaida."

Suka nufi gidan tsohon. A tsakar gida ga jak ɗin ɗaga mota a jingine, ga kwalin da ake shimfiɗawa a kwanta ƙarƙashin mota, ga tsofaffin shokozoba biyu na ƙafar mota an jefar a gindin katanga. Uwar Auta ta fito, idanunta sun kumbura.

"Mama, Baba na yin gyara da kansa?"

"Me ya bari a gidan nan, ɗana? Fanka, rediyo, har keken ɗinkina. Jiya ma wuni ya yi ƙarƙashin motar." Ta share ido. "Kuma duk abin da ya kwance, in ya mayar sai wani abu ya yi saura. In na yi magana ya ce kamfani ne ke zuba rara don su ci kuɗin mutane."

"Ina yake kai rarar?"

Ta nuna wani gwangwanin madara a kan taga. Sufeto ya juye shi a kan kwalin. Notuna, ƙusoshi, 'yan wayoyi, duk sun yi tsatsa. A samansu ga wani siririn fil mai baki biyu yana ƙyalli, giris bai ko bushe a jikinsa ba. Ɗan abu ne da bai kai tsinken ashana ba, shi ya raba wasu yara da ubansu. Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai.

Da suka koma ofis ya sa aka fito da Auta, ya zaunar da ita gefen mahaifinta. Ya ajiye fil ɗin a tsakiyar tebur.

"Baba, wannan ma rarar kamfani ce?"

"Ban san shi ba."

"Ke fa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta dubi mahaifinta, tana jiran ya buɗe baki. Shi kuwa silin yake kallo.

"Na gan shi jiya a ƙasa," ta ce a hankali. "Na ce, Baba wannan fa? Ya ce ni allura na sani, shi ya san mota."

"Ke, rufe mini baki!"

"Ita ta rufe tun safe, don ta rufa maka asiri," in ji Sufeto. "Saura kai ka buɗe naka."

Tsohon ya yi ta murza hula a hannu. Can ya ce, "Na riga na mayar da taya, na sauke jak, sannan na gan shi. Bayana na ciwo. Na ce noti ai ya ɗauru, sai wani jiƙon."

"Da safe kuma ka miƙa mata makulli."

"Na ɗan ji sitiyarin na rawa da na fito da motar. Na ɗauka za ta kai ta asibiti ta dawo." Ya rage murya. "Sufeto, ka duba. Ita yarinya ce, alƙali zai tausaya mata. Ni kuwa in unguwa ta ji cewa gyarana ne, da wane ido zan fita?"

Sufeto ya ga ɓarayi, ya ga masu kisa, amma wannan magana ta fi ƙona masa rai. Ya miƙe tsaye.

"Mutum na kwance a makara, 'yarka na bayan kanta, kai kuma sunan Injiniya kake wa kuka. Saje, sa masa ankwa. Sakaci da ya jawo asarar rai, da yi wa hukuma ƙarya."

Aka tasa shi gaba. Da ya zo daidai ƙofa ya waiwayo. "Auta, ki gaya wa uwarki kada ta bari maƙwabta su ji."

Ba ta ɗago ba. Sai da ƙarar takalmansa ta ɓace, sannan ta goge fuska da gefen mayafi ta dubi Sufeto.

"Ranka ya daɗe, a ina gidan mai lemon yake? Ina so in je in yi musu gaisuwa."