Siminti Ba Ya Karanta Rahoto

Da hantsi aka kira Sufeto: rufin siminti na bene ya rufto a wani gini, ya danne kafinta har lahira.

Kafin ya iso, Injiniya, mai sa ido kan kuɗin aikin da lokacinsa, ya riga ya damƙa wa Kofur tsohon magini, wai shi ya sace siminti ya cika kwaɓi da yashi. Sufeto ya dubi takalmin Injiniya, baƙi wul sai ƙyalli, ko ɗigon laka babu. Mai sa ido ke nan! Tun nan ya raina shi.

A ofishin kwano na wurin, Injiniya ya buɗe rahoto yana hura hanci.

"Ran biyu ga wata muka zuba rufin, ga hoto. Ran ashirin da uku na sa a cire sandunan da ke tokare da shi. Kwana ashirin da ɗaya cif, yadda ƙa'ida ta ce."

Sufeto ya juya ga magini. "Baba, haka ne?"

"Ranka ya daɗe, ni ban iya lissafin takarda ba," in ji magini. "Amma na ce masa simintin ɗanye ne. Ya ce in ban cire ba in tattara kayana."

"Ƙarya yake! Tsufa ne!"

Sufeto ya ƙura wa hoton ido. Ga marigayin can gefe yana dariya, hannunsa na hagu naɗe da bandeji.

Matar kafintan na zaune bakin ƙofar gini, ta ƙi tafiya. Sufeto ya durƙusa ya nuna mata hoton.

"Baiwar Allah, yaushe ya ji wannan ciwon?"

"Zarto ne ya yanke shi, yau kwana goma. Ni na naɗe masa." Ta ciro katin asibiti daga jaka: sha uku ga wata.

Sufeto ya koma ya ajiye katin kan hoton.

"Injiniya, mutum ya yanke ran sha uku, ya fito da bandeji a hoton ran biyu? Yaushe kuka zuba?"

"Sha huɗu," Injiniya ya ce ƙasa-ƙasa. "Mun makara da kwana goma sha biyu. Da na rubuta gaskiya, tarar jinkiri za ta cinye ribar, a kore ni. Sai na mayar da kwanan baya."

"Sannan ka manta ƙaryarka ce, ka bi ta ka cire sanduna a kwana tara. Tir! Siminti ba ya karanta rahoto, malam. Kofur, kwance Baba, sa wa wannan ankwar."

Aka fito da shi da ankwa ta gaban matar. Bai iya ɗaga ido ba, ya zurma cikin kwaɓaɓɓiyar laka har idon sawu. Ranar ce takalmin nan ya fara taka wurin aikin.