Gautan Kaji a Bayan Gidan Malam Toma

Tun da Ƙauna ta ga motar Kevin a ƙofar gidansu na Muchia da sassafe, ta san ranar ba za ta wuce lafiya ba.

A ɗan filin da ke bayan gidan ta same shi tare da babanta Malam Toma, tsohon riƙe da fartanya.

Filin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Nan marigayiya mamarta ta shuka furanni, tsuntsaye suna zuwa. Da maƙwabci ya ɗora bene rana ta daina shiga, furannin suka mutu, tsuntsayen suka ƙaurace. Kevin, mai neman aurenta da kuɗinsa, ya dasa furen rozi sau biyu, duk ta bushe. Sai Mordecai, wanda take so, ma'aikacin gandun renon itatuwa a Samaru, ya zo ya yi tasa shukar.

"Baba, duba fa," in ji Kevin. "Gautan kaji ne wannan, a bola yake fitowa. Wanda ya kawo maka ciyawa za ka ba 'ya?"

"Baba, don Allah..."

"Ki yi mini shiru, Ƙauna. Wurin uwarki ne."

Ya ɗaga fartanyar ke nan Mordecai ya shigo da butar ban-ruwa. Ya durƙusa.

"Gaskiya ne, Baba, a bola na tono shi. Amma rozi rana take so, tsuntsu kuma ba ya cin ta. Gautan kaji da barkono suna jure inuwa, tsuntsu ba ya jin yaji. Garahunin nan zai hau katanga ya nemi haske da kansa. Ka bari su nuna. In tsuntsaye ba su zo ba, ni zan nome wurin, ba kuma zan ƙara tako gidan nan ba."

Malam Toma ya jingine fartanyar. "Sati uku."

A zaure Ƙauna ta tare Mordecai, ido jawur.

"Ni ka sa a caca saboda barkono?"

"Zuciyata... na san aikina."

"Tsuntsayen sun san da zancen?"

Sati biyu suka wuce, ko kurciya babu. Kevin kullum sai ya leƙo yana tambaya ko baƙin sun iso.

Ranar Laraba ta sati na uku babanta ya kira ta cikin raɗa, ya nuna mata katanga. Garahuni ya fashe, 'ya'yansa jajir. Tsuntsaye biyar suna ta rububi, wani ya sauka kan barkono yana cira.

Tsohon ya daɗe yana kallo, ya share ido da bakin riga.

"Kira Mordecai. Ki ce ya turo manyansa."

An ɗaura aure a watan Disamba, Kevin bai zo ba. Ko shukar za ta tsallake rani a wannan inuwar, Mordecai da kansa ya ce bai sani ba tukuna.